Shan gilisarin kafin doguwar tafiya a keke: yana da amfani a zafin Jidda?

Mai Keken Jidda:
Assalamu alaikum. Duk Juma'a bayan sallar asuba ni da abokaina mukan hau kekuna mu bi bakin teku har Ubhur da ke arewacin Jidda mu dawo, tafiyar kusan awa uku. Da zarar Yuni ya kama, gumi ba ya bushewa a jiki, rigar mutum har matse ta ake yi, goruna biyu kuma sukan ƙare tun ba mu juyo ba. Wani daga cikinmu ya ce 'yan tseren keke kan zuba gilisarin a ruwa su sha kafin su fita. Shin yana ƙara juriya da gaske, kuma ba a haramta shi a gasa ba?

Baban Hafsat:
Wa'alaikumus salam, Malam. Maganar tana da tushe. Idan ka cika ciki da ruwa zalla, ƙoda za ta fitar da mafi yawansa a fitsari, amma idan da gilisarin a ciki, shi yakan shiga jini ya riƙe ruwan, har jiki ya ajiye ƙarin da ya kai rabin lita zuwa lita ɗaya. A yawancin gwaje-gwaje ana ba da giram 1 zuwa 1.2 ga kowane kilo na nauyin mutum, tare da ruwa mililita 25 ko 26 ga kowane kilo. Mai kilo 70 ke nan zai sha kimanin giram 84 a cikin lita 1.8, a hankali, tun kusan awa biyu kafin ya hau. Sai dai masu bincike ba su yi ittifaƙi ba: wasu sun ga mahaya sun daɗe kafin su gaji a cikin zafi, wasu ba su ga bambanci ba, musamman inda mahayin ke samun ruwa isasshe a hanya. WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, ta haramta shi a 2010 domin gudun a ɓoye wasu ƙwayoyi da shi, sannan ta cire shi daga jerin a Janairun 2018.

Ɗan Ɗa'ifa:
Na gwada sau biyu. Karon farko na kwankwaɗe shi cikin minti goma, ban kai ga ɗaure takalmi ba kaina ya fara sara, ciki ya kumbura kamar na cinye tuwon mutum uku. Karo na biyu na sha kaɗan-kaɗan, lafiya lau, kuma ban tsaya fitsari ba sam. Amma a nan wurinmu hanya hawa ce, ruwan da ka ajiye kaya ne da za ka ɗauka a kan dutse. Ku da ke shimfiɗaɗɗiyar hanya, inda ba a rasa kantin sayen ruwa, ina ganin tsayawar minti biyu ta fi muku sauƙi.

Baban Hafsat:
Na manta abu biyu, Malam. Kada a ɗauko kwalbar shafawa irin wadda muke amfani da ita a gida lokacin hunturu, wani lokacin da turare a ciki. A nemi wanda aka rubuta cewa na ci ne. Kuma hanta tana mayar da gilisarin sukari, don haka mai ciwon sukari, da mai hawan jini ko ciwon ƙoda, ya fara ganin likita tukuna.