Tsafe: Dutse, Soro da Layin Dogo

Jikan Lebura:
Salamu alaikum. Jiya na ratsa ta tashar jirgin ƙasa ta garinmu Tsafe, na iske awaki kwance a kan dogo. Layin nan da ya taso daga Zariya ya biyo Funtuwa, ya ratsa mu zuwa Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929. Kakana yana cikin waɗanda suka yi aikin diga. Abin ya tsaya mini a rai. Mai amsa ya amsa.

Na tsaya gindin dutse da hantsi,
Dogo ya miƙe, ba mai sauri.
Ciyawa ta rufe gumin kakana,
Da ya sha rana da diga a kwari.
Da, in jirgi ya yi kuka nesa,
'Yan talla su yo tasha a jeri.
Gyaɗa da auduga su cika tarago,
Ya komo mana da goro da gishiri.
Yau tsatsa ta ci kwanon tasha,
Wa zai ba yaranmu labari?

Baba Magini:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kukanka ya iso ni, amma kakanka ba da son ransa ya ɗauki diga ba. Ga nawa kukan.

Tun Bature bai zo da ƙarfe ba,
Akwai magina a wannan gari.
Mu kwaɓa jar ƙasa da ciyawa,
Mu cura tubali, ya yi tauri.
Azarar giginya gara ba ta ci,
Ɗaurin guga da ita muke tsari.
Mu jiƙa makuba, ɓawon ɗorawa,
Mu shafe bango ya yi kauri.
Zanko bisa soro, kunnen zomo,
Indararo na tsiyaya a wuri.
Soron ƙasa da bazara sanyi,
Ɗakin kwano, zufar maƙeri.
Yaran da na koya wa sun bar ni,
Bulo suke bi, na yi haƙuri.

Ɗiyar Tsafe:
Baba, a gafarce ni in sa baki tsakanin manya. Zauren gidanmu har yau yana tsaye, kuma na san inda kuɗinsa suka fito.

Kakata fura ta kai tasha,
Ƙwarya a ka tun da wuri.
Mijinta gyaɗa ya ɗora sikeli,
Ya kira magini suka yi shiri.
Zauren nan jirgi ne ya biya shi,
Hannun magini ya yi ɗauri.
Almajirai daga 'Yandoto sun kwana,
Sun ci tuwo, sun sa mana alheri.
Bara bangon gabas ya tsage,
Baba, ka zo, kar ya faɗi da wuri.

Baba Magini:
Allah ya yi miki albarka, ɗiyata. Tsagar nan, hannu yana shiga cikinta? In bai shiga ba, da sauran gyara. Kada a bari kowa ya cusa mata siminti, ba ya kama ƙasa.

Ina da azara shida a ajiye,
Kafin ruwan fari zan yi shiri.

Jikan Lebura:
Baba, kwaɓa ƙasa aikina ne. Jakin maƙwabcina zai ɗauko ta.

Ranar Asabar bayan asuba,
Zan biyo dogo in shigo gari.