Wai kwaminisanci zai ƙwace min gonata ne?

Dan_Yelwa:
Salam yan uwa. Jiya mun yi musu a majalisa, wani ya ce a kwaminisanci ko keke ba ka da ikon mallaka, komai na gwamnati ne. Da gaske ne ko dai kame-kame yake?

Malamin_Tashan_Dukku:
Ya wuce gona da iri. Abin da Karl Marx da Engels suka faɗa tun 1848 shi ne a kawar da mallakar masana'antu, manyan filaye da bankuna, wato abin da mutum ke amfani da shi ya ci gumin wasu. Rigarka da kekenka ba ruwansu da su. Amma gona kam ka yi hankali, Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, ya tattara gonakin manoma da ƙarfi, aka yi mummunar yunwa a Yukren a 1932 da 1933, mutane miliyoyi suka mutu.

Hajiya_Bilki:
To ni abin da ya dame ni gado ne, Musulunci ya yarda ka mallaka ka bar wa yaranka, sai dai ka fidda zakka.

Dan_Yelwa:
Kuma dole sai an zub da jini kafin a kafa kwaminisancin?

Malamin_Tashan_Dukku:
Nan ma su kansu mabiya Marx ba su daidaita ba. Lenin ya ce sai juyin juya hali, ya kuma yi a Rasha a 1917, amma Bernstein a Jamus ya ce a bi ta ƙuri'a a hankali, su Rosa Luxemburg suka yi masa ca. Mu nan su Malam Aminu Kano da Sa'adu Zungur hanyar jam'iyya suka bi, shi ya sa PRP, jam'iyyar Malam Aminu, da ta ci Kano da Kaduna a 1979 haraji da jangali ta soke, ba gonaki ta ƙwace ba.