Atishawar safe da ba ta ƙarewa: mura ce ko me?

Ɗan Agege:
Salamu alaikum jama'a. Ƙanena kullum ya farka sai atishawa goma a jere, majina kamar ruwa, ido na ƙaiƙayi. Wata uku ke nan, babu zazzaɓi. Wace irin mura ce wannan?

Baban Hanan:
Wa alaikumus salam. Malam, mura ba ta wata uku, kwana 7 zuwa 10 ta wuce, kuma takan zo da kasala da ciwon jiki. Wannan alaji ne na hanci. Jiki ne ke ɗaukar abu marar illa a matsayin abokin gaba, sai ya saki sinadarin histamin, fatar cikin hanci ta kumbura. Ka lura da shi: za ka ga yana murza hanci da tafin hannu zuwa sama, ƙasan idonsa ya yi duhu.

Tunda da safe ne, fara zargin shimfiɗa. Damshin Legas na raya wasu ƙwari da ido ba ya gani a katifa da matashi, kashinsu ake shaƙa duk dare. Sai kyankyaso, da funfunar bango lokacin damina, da kyanwa in akwai. Hayaƙin janareta, maganin sauro na kunnawa da turaren wuta ba su ne tushen ba, amma suna hura wutar.

Hajiyar Idi-Araba:
A wanke zanin gado duk mako da ruwa mai zafin digiri 60, ruwan sanyi ba ya kashe ƙwarin. A goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma, tsintsiya tayar da ƙura kawai take yi. Kafet kuwa a naɗe shi.

Mai Kemis Obalende:
Babba na shan ƙwayar maganin alaji, cetirizine ko loratadine, 10mg sau ɗaya a rana. Piriton na sa barci, direba ya kiyaye. In toshewa ta fi yawa, feshin hanci irin fluticasone ya fi ƙwaya aiki, amma sai an juri yi kullum, yakan kai mako biyu kafin ya kama sosai. In an sa a hanci, a karkata bakin kwalbar ta ɓangaren kunne, ba tsakiyar hanci ba, in ba haka ba haɓo ya biyo.

Inda mutane ke faɗawa shi ne maganin toshewar hanci na Otrivin. Yana buɗe hanci nan take, amma in aka zarce mako guda, hancin ya riƙa toshewa fiye da da.

Baban Hanan:
In yana tarin dare ko ƙirjinsa na ƙara kamar fito, a duba asma, tare suke tafiya. Toshewar ɓari ɗaya ko jini kuma, sai likitan kunne da hanci.