Likitan gawa ko likitan sanadi? Ku zo mu tsaida magana ɗaya

Salamu alaikum jama'a. Zaren yau kan likitan nan ne da mutanen Amurka ke ce ma medikal egzamina, wanda in mutum ya mutu ba a gane kan mutuwar ba shi ake kira ya duba ya faɗi abin da ya kashe shi, sai kuma aikin nashi da ma'aikatan asibiti ke ce ma fosmotam. Duk sanda labari irin wannan ya taso kowace kafa da abin da take rubutawa, wannan yace likitan gawa, wancan yace an yi ma gawar tiyata, wani ma ko kunya babu sai ya rubuta wai "an feɗe gawar". Haba jama'a, ɗan Adam ne fa, uban wani ne. Wa zai ji an ce za a feɗe mahaifinshi ya sa hannu a takarda?

Ni inda na tsaya a kan sunan da za mu ba shi da Hausa shine likitan sanadi, aikin kuma binciken sanadi. Kafin ku taso min ku bari in nuna maku yadda aikin yake tukunna, don wuƙar da kowa ke tsoro ita ce ƙarshen abin da ake ɗauka, wani lokacin ma ba a kaiwa gare ta.

Mu ɗauka dattijo ne a Ƙofar Ƙaura, ya tashi da asuba zai kama ruwa, aka ji shiru har aka fito masallaci, aka ɓalle ƙofar bayi aka same shi kwance jini ta ƙeya, rai ya yi halinsa. Mu a nan magana ta ƙare, santsin tayil ne, Allah ya jiƙanshi, kafin azahar an kai shi maƙabartar Ɗan Marna. Toh a ƙasashen da ke da wannan tsarin ba a taɓa shi sai an ɗauki hoton wurin yadda yake. Ƙofar ta ciki aka sa mata sakata ko ta waje? Ƙasan jiƙe take? Ina silifas ɗinshi, ina butar ta faɗi, akwai wani kaifin dakali ko bakin masai da ya yi daidai da raunin, akwai gashi ko jini a jiki? Shi kanshi jinin ana karanta shi, fatar kai tanada jijiyoyi da yawa shi yasa ƙaramin rotse ke zubda jinin da zai firgita mutum, so yawan jini kaɗai bai nuna an yi kisa ba, amma in aka ga feshinsa a bango sama da tsayin mutum ko a silin to wannan faɗuwa ba ta kai shi can, hannu ne ya ɗaga wani abu ya sake saukewa.

Akwai kuma kwanciyar jini. In zuciya ta tsaya jini sai ya gangara ya taru a ɓarin da ke ƙasa, wurin ya yi duhu, bayan kamar awa 8 zuwa 12 ya zauna ba ya sake gusawa. In an samu mutum rub da ciki amma duhun a bayanshi yake, wani ya juya shi bayan ya daɗe da cikawa. A baƙar fata irin tamu ganinsa yanada wuya sai wanda ya saba. Haka sandarewar jiki da sanyinsa, da su ake ƙiyasta lokacin mutuwa, kuma zafi irin na Katsina a watan Afrilu yana gaggauta sandarewar.

Daga nan sai tambayar iyali. Yanada hawan jini? Suga? Farfaɗiya? Yana shan maganin tsinka jini irin su asfirin ko wafarin? Ya taɓa kukan juwa? Don babbar tambayar ita ce faɗuwar ce ta kashe shi ko kuwa mutuwar ce ta kada shi, mutum kan iya samun bugun zuciya ko jijiya ta fashe mashi a ƙwaƙwalwa yana tsaye, ya yanke jiki ya faɗi, rotsen da aka gani ya zo daga baya. Ku lura duk wannan da na lissafa ko almakashi ba a ɗauka ba.

Yanzu kan shi kan. Nan ne abin ke burge ni wlh. Ƙwaƙwalwa ba manne take da ƙoƙon kai ba, tana cikin ruwa ne kamar curin fura a ƙwaryar nono, in ƙwaryar ta bugi ƙasa curin sai ya je ya daki ɗaya gefen. Shi yasa wanda ya faɗi ta baya ya buga ƙeya, za a ga tsaga ko ƙulu a ƙeyar amma ɓarnar ƙwaƙwalwar tana gaba, wajen goshi da gefe, don ƙashin can ciki yanada kaushi. Wanda kuwa yana tsaye aka maka mashi taɓarya, yawanci ɓarnar tana nan ƙarƙashin inda aka buga, wani sa'in har ƙashin ya lotsa ya ɗauki siffar abin da aka yi dukan da shi. Likitocin sunada wata tsohuwar ƙa'ida kuma da zan so mu kira layin hula, wato inda bakin hula ke zama a kai, raunin faɗuwa ya fi samuwa daga layin zuwa ƙasa, na duka kuma ya fi yawa a sama wajen tsakar kai. Ba hukunci ba ce, wanda ya gangaro daga matattakalar bene zai iya buguwa ko'ina, alama ce kawai ake haɗawa da sauran. Sai a ƙirga raunukan, faɗuwa ɗaya a fili rauni ɗaya take badawa ko biyu a ɓari ɗaya, in aka ga huɗu biyar a wurare daban-daban sannan ga ƙujewa a bayan hannu da damtse irin ta mai kare kai, toh labarin santsi ya fara rawa.

Wanda nike so kowa ya riƙe ko da ya manta da zancen kalma shine wannan: a gefen kai tsakanin ido da kunne ƙashin siriri ne kuma jijiyar jini na bi ta ƙarƙashinsa, in ya tsage jini sai ya riƙa taruwa tsakanin ƙashi da tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, mutum ya suma na ɗan lokaci ko ma bai suma ba, ya tashi yana magana yana dariya yace ba komai, bayan wasu awanni ciwon kai, amai, barci mai nauyi, shikenan. Haka ya faru da 'yar fim ɗin Ingila Natasha Richardson a 2009, ta faɗi wajen wasan zamiya kan ƙanƙara a Kanada, ta tashi tace lafiyarta lau, bayan kwana 2 ta mutu a New York, ofishin likitan can ya rubuta taruwar jini a kai, tsautsayi. Tsofaffi kuma nasu daban ne, ƙananan jijiyoyi ne ke tsinkewa su riƙa tsiyaya a hankali, sai bayan sati biyu uku a ga Baba ya fara ruɗewa yana jan ƙafa, kowa yace tsufa ne ko shanyewar ɓarin jiki, an ma manta ya taɓa buga kai a ƙofa. In yaro ko tsoho ya buga kai ya fara amai ko barcin da ba a gane ba, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, ko zagayen idanunsa ya yi baƙi, a ɗauke shi sai Asibitin Koyarwa ko Janar, ba man zafi ba.

Toh mu dawo. Mi yasa ban yarda da likitan gawa ba? Na ɗaya, kunnen Bahaushe zai ji shi kamar mai gadin mutuware ko mai wankan gawa. Na biyu, rabin aikin ba a jikin gawa yake ba, yana bayi, yana katin asibiti, yana bakin iyali, yana ɗakin gwaji inda ake auna jini da fitsari da ruwan ido a ga ko akwai giya ko ƙwaya ko guba. Ku tuna mace-macen Kano na 2020 lokacin korona, binciken da aka yi ai na baki ne, gida-gida aka bi ana tambayar dangi yadda mamacin ya yi jinya, ba a tone kabari ba. In kace binciken gawa aka yi ka yi ƙarya, in kace binciken sanadi na baki magana ta zauna daram. Haka a Ingila yanzu iyalan Musulmi da Yahudawa kan nemi a saka mamaci a na'urar sitisikan mai ɗaukar hoton cikin jiki maimakon a buɗe shi, wannan sai mu ce binciken sanadi na hoto. Binciken gawa ban kore shi ba, mu bar shi a wurinsa, wato ranar da aka kai ga buɗe jikin da gaske.

Wani malaminmu daga Daura ya kawo shawarar a ce tashrihi, kalmar Larabci ta buɗe gawa. Allah gafarta malam kalma ce mai kyau kuma ita ke cikin littattafan fiƙihu, amma in na faɗa ma gwaggota tashrihi za ta ɗauka wata sabuwar sallar nafila ce. Ya kuma kawo likitan shari'a daga yadda Larabawa ke faɗi, wannan ya fi kusa, matsalar dai a arewa da ka ce shari'a hankali na tafiya kotun Musulunci, za a ɗauka likitan da ke duba mutum kafin a yi mashi bulala ne. Na gode malam da ka tuna mana hadisin da ke cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, shine ma tushen ƙyamar da mutanenmu ke yi kuma sunada hujja. Sai dai majalisar manyan malaman Saudiyya tun 1976 ta halatta buɗe gawa in don gano laifin kisa ne ko annoba, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ma ta bi bayanta a 1987. Abin da suka duba shine dalilin yin aikin, toh sunan ma ya kamata ya nuna dalilin.

Wata yayarmu nas tace likitan sanadi zai iya zama kamar likitan da ya yi sanadin mutuwar, na yi dariya sosai. Yaya ai muna cewa likitan mahaukata kuma ba wanda ya ɗauka shi ya haukata su. A takardar hukuma a rubuta shi cikakke, likitan binciken sanadin mutuwa, a baki a gajarta. Masu cewa musabbabi kuma ku gwada faɗin likitan musabbabi sau uku da sauri. Sanadi kalmar gida ce, a zaman makoki ma ita ake tambaya, mi ya yi sanadi, a ce zazzaɓi ne na kwana biyu, ba wanda ke jin an yi ma ƙaddara shisshigi don an tambaya.

Saura korona, ba ta mura ba, ina nufin jami'in shari'ar da ke zaman binciken mutuwar da ba a gane kanta ba. A Ingila tun 1194 ake da wannan muƙamin, kuma mu tsarinsu muka gada ba na Amurka ba, a nan majistare ne ke zama korona, 'yan sanda su kai mashi rahoto, shi ya bada umarni likita ya duba, in ta kama ya zauna ya saurari shaidu. Legas ta sabunta dokarta a 2007, da ita aka yi zaman binciken mutuwar mawaƙin nan Mohbad bayan an tono shi a 2023. Kun ga shi alƙali ne, sai mu ce alƙalin sanadi, ya rabu da cutar, ya kuma rabu da likitan. Kalmar sanadi ɗaya ta bamu suna uku kenan.

Mai cewa wannan duk na Turawa ne ya tuna shari'ar Maryam Sanda a Abuja, wadda aka tuhuma da kashe mijinta, ita tace mijin faɗuwa ya yi kan fasasshen tulun shisha a cikin gida, masu ƙara suka ce caka mashi aka yi, an riga an binne shi ba a yi binciken gawa ba, lauyoyinta suka riƙe wannan, kotu ta yanke hukunci a Janairun 2020 da sauran shaidu. A gidajenmu ma kishiya nawa aka zarga da kashe ɗan miji don yaro ya faɗo daga katanga, ba abin da zai wanke ta sai rantsuwa?

Na ƙarshe, rahoton nasu gida biyu gare shi. Akwai abin da ya kashe mutum, misali taruwar jini a ƙwaƙwalwa sakamakon buguwar kai, wannan shine sanadi. Akwai kuma ta wace fuska abin ya zo, a Amurka guda 5 ne, na fassara su haka: mutuwar Allah da Annabi, tsautsayi, kisa, kashe kai, sai ba a gano ba. Wannan gidan na kira shi yanayin mutuwa. Na zaɓi tsautsayi a kan haɗari da gangan, don da ka ce haɗari an tafi hanyar Katsina zuwa Kano ana neman motar, ba mai kawo bayin gida a ranshi. Ga yadda jimlar za ta fita a rediyo ku ji: "Likitan sanadi ya ce dattijon ya rasu ne saboda taruwar jini a ƙwaƙwalwa bayan ya buga ƙeya, ya kuma rubuta yanayin mutuwar a matsayin tsautsayi, don haka alƙalin sanadi ya sallami gawar ga iyalansa."

Wadda ta rage a tebur ita ce sunan awannin nan da mutum ke tashi garau bayan ya buga kai kafin jinin ya danne shi. An kawo sauƙin yaudara, an kawo farfaɗowar ƙarya, ni na fi karkata ga na farkon don ba kowa ke suma ba balle ya farfaɗo. 'Yan Sashen Hausa na Jami'ar Umaru Musa da ma'aikatan ɗakin gaggawa ku shigo ku raba mana wannan.