Dokar ta-ɓacin ƙaramar hukuma bayan zaftarewar ƙasa: aiki take yi ko takarda ce kawai?

Injiniya: Ni dai ina nan kan bakana, dokar ta-ɓacin da biranen jihar Kalifoniya ta Amurka ke ayyanawa bayan ruwan hunturu takarda ce kawai. Ku dubi Rancho Palos Verdes a gundumar Los Anjalas. Birnin ya ayyana ta a Oktoban 2023, amma a 2024 ƙasa na tafiya kusan ƙafa ɗaya a mako a wasu wurare, an yanke wa gidaje gas da wuta, har sai da aka kwance cocin Wayfarers. Me takardar ta tsayar?

Hajiya Lauya: Injiniya, ai ba don ta tsayar da tudu aka yi ta ba. Aikinta cire wa hukuma tarnaƙi. Da ita birni zai ba ɗan kwangila aiki yau ba tare da jiran makonnin tallata kwangila ba, ya rufe hanya, ya kwashe mutane, ya nemi ma'aikata da injuna daga maƙwabta. Kuma tana da ƙa'ida: idan jami'i ne ya ayyana, dole majalisar birni ta tabbatar cikin kwana 7, sannan a riƙa duba ta duk kwana 60. Mai son kuɗin jiha kuwa, sai ya ayyana cikin kwana 10 da aukuwar abin. Ya wuce wannan, ya rufe wa kansa ƙofa.

Malam Akanta: Gaskiyar Hajiya ce, sai dai kar a ɗauka kuɗi na biyo ta nan take. Matakala ce. Birni ya ayyana, gwamna ya ayyana nasa, a zagaya a ƙiyasta ɓarna, sannan gwamna ya roƙi shugaban ƙasa cikin kwana 30 a ƙarƙashin dokar Stafford ta 1988, wato dokar tarayya ta agajin bala'i. In an amince, FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, na biyan aƙalla kashi 75 na gyaran kayan gwamnati, jiha ta ɗauki kashi 75 na ragowar, birni ya rage da kashi 6.25. Amma biyan baya ne: ka kashe naka tukuna, ka kawo shaida. Nan ake faɗuwa. Babu hoton wurin kafin ruwa, babu takardar awannin ma'aikata, ba a rubuta wace mota ta yi aiki a ina ba, sai a soke kuɗin.

Injiniya: To ka dawo hanyata, Malam. A zaftarewa irin wannan ko shaidar ma ba ta fitar da kai. Ƙasar Portuguese Bend, yankin da ke zaftarewa a birnin, tun 1956 take motsi. A ƙarƙashinta akwai shimfiɗar yumɓu da ya samu daga tokar aman wuta, in ya sha ruwa sai ya yi santsi kamar sabulu, duk abin da ke samansa ya kama gangara zuwa teku. Ruwan da ya sauka a Janairu yana ɗaukar watanni kafin ya ratsa zuwa can. Shi ya sa motsin ya fi tsanani bayan an ɗauke ruwa, lokacin da kwanakin da aka rubuta wa bala'in sun wuce. FEMA kuma ba ta biyan kuɗin daidaita gangaren da tun asali yake motsi. Magani na gaske shi ne haƙa rijiyoyi masu zurfi a zuƙe ruwan, a cike tsagewar ƙasa, a shimfiɗa magudanai kafin hunturu. Wannan aikin shekaru ne, ba na gaggawa ba.

Hajiya Lauya: A nan na ba ka rabi. An gina tsarin ne don abin da ke faɗowa dare ɗaya, irin malalar laka ta garin Montecito a Kalifoniya ranar 9 ga Janairu, 2018, wadda ta kashe mutum 23. Amma rijiyoyin da kake yabo, da wane iko aka haƙa su cikin sauri? Gwamnan jihar, Newsom, ma sai a Satumban 2024 ya ayyana tasa dokar, bayan yanke wutar.

Mai Inshora: Kun manta da mai gida, Hajiya. Inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan motsin ƙasa. Ta ambaliya ta gwamnatin tarayya na biyan malalar laka mai gudu kamar ruwa, amma ba ta biyan zaftarewar tudu. Dokar birni ba ta sauya ko layi ɗaya a wannan yarjejeniya.

Malam Akanta: Shi ya sa aka koma ga saye. A Oktoban 2024 aka sanar da dala miliyan 42 daga asusun rage haɗari na FEMA don sayen gidajen da suka lalace, a rushe su, filin ya zauna fayau, ba a sake gini a kansa.

Injiniya: Miliyan 42 a unguwar da gida ɗaya ke haura miliyan. Ka yi lissafin, Malam, ka faɗa mana gida nawa ke nan.