Ziyarar Saint-Cirq-Lapopie daga Tuluz tare da dattijuwa: ta yiwu a yini guda?

Ɗan Boukoki:
Assalamu alaikum. In Allah ya yarda cikin watan Yuli zan raka mahaifiyarmu daga Yamai zuwa Tuluz, a ƙasar Faransa, wurin ƙanena, takardu sun kammala. Muna son mu kai ta Saint-Cirq-Lapopie, tsohon ƙauyen nan na bakin kogin Lot. Hajiya tana fama da ciwon gwiwa. Ana iya zuwa a dawo a yini guda? Jirgin ƙasa ya fi ko hayar mota? Kuma ya zancen abinci da salla?

Ba'adare:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ana yi a yini guda, amma ka san wannan tun yanzu: ƙauyen ba a bakin ruwa yake zaune ba, a kan dutse yake, wajen mita 100 sama da kogin. Titunansa ƙanana ne, shimfiɗe da duwatsu, gangara da hawa, kuma motar baƙo ba ta shiga ciki. Ana aje ta a wuraren fakin na kuɗi da ke wajen gari.

In jirgin ƙasa ne, daga gar ta Matabiau a Tuluz za ku kama na Cahors, awa guda da ƴan mintoci. Daga gaban gar ta Cahors akwai kar, wato bas, mai bin kwarin Lot zuwa Figeac, ana sauka a Tour-de-Faure. Nan matsalar take: Tour-de-Faure a ɗaya ƙetaren kogin yake, sai an ƙetare gada an taka wajen kilomita 2, ƙarshensa hawa ne sosai. Saurayi ya iya, mai ciwon gwiwa a'a. Kar ɗin ma ba ya yawa, ran Lahadi ya fi ƙaranci, in na ƙarshe ya wuce ku sai taksi, shi kuma a ƙauyukan can ba a tare shi a bakin hanya, sai an kira tun da wuri.

Don haka ku yi hayar mota. Daga Tuluz A62 sannan A20, ana biyan kuɗin hanya. Daga Cahors saura wajen kilomita 30 ta D662 mai bin kogi. A GPS ka rubuta sunan garin cikakke, don akwai wasu Saint-Cirq ɗin a wannan jiha ta Lot, kamar Saint-Cirq-Madelon, can wani ɓangare daban. Masu ba da hayar suna riƙe kuɗin jingina a katin banki mai sunan direba, kuma da yawansu ba su karɓar katin da ake zuba wa kuɗi kafin amfani. Gara ƙanenka ya yi hayar da katinsa na can, shi ya tuƙa.

Maman Yantala:
Ɗana, maganar mota gaskiya ce, amma ban goyi bayan ku jefa Hajiya cikin garin da tsakar rana ba. Tun da masu kallon talabijin ta France 2 suka zaɓe shi ƙauyen da Faransawa suka fi so a 2012, Yuli da Agusta cike yake maƙil, alhali mazaunansa ba su fi mutum 200 da ɗoriya ba. Ku isa kafin ƙarfe 10 na safe, ko bayan 5 na yamma.

Ku sauke ta a mashigar sama, ta bi gangara a hankali da sanda da takalmi mai ƙasan roba, ba silifa ba, don duwatsun sun sha tafiya sun yi santsi. Direba ya zagaya ya tarbe ku ta ƙasa, kada a ce ta koma ta hau. Kufan gidan sarautar da ke can ƙololuwa, inda ake hango kwarin gaba ɗaya, matakala ce, ku matasa ku hau ku ɗauko mata hoto. Garin duka awa 2 ya isa: coci na ƙarni na 16, gidajen dutse da katako masu jan rufi, da shagunan masu sana'ar hannu. A da garin da masu sassaƙar itace aka san shi.

Abin da zai fi yi mata daɗi yana Bouziès, kilomita 4 zuwa 5 daga nan. Can ake shiga jirgin ruwa na yawon buɗe ido, a zaune za ta ga ƙauyen daga ƙasa, a rataye a goshin dutse. Jirgin yana ratsa ƙofar ruwa, a rufe shi tsakanin ƙyamare biyu, ruwa ya ɗaga shi a hankali. Ta gefe za ku ga hanyar da aka fafe cikin dutsen a 1845 don masu jan kwalekwalen kaya da igiya. Shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa, ko Hajiya ta iya taka kaɗan daga cikinta. Kogin dai ƙarami ne in an gwada da namu na gadar Kennedy, kada ku sa ran faɗi.

Malam na Wadata:
Ranka ya daɗe, ga zancen ciki da salla. Abincin yankin agwagwa ce da naman alade, kuma giya tana shiga miya. Ko salak ka ce a ba ka, ka tambaya, don sukan barbaɗa masa yankakken naman alade. Akwai wata fankasar tuffa ta yankin da suke kira pastis, ita ma da barasa ake yin ta. Abin da ba shakku: kifi, wainar ƙwai, burodi, da ɗan cukun akuya na Rocamadour. Gidajen abinci daga 12 zuwa 2 suke ba da na rana, ƙarfe 2 da rabi an rufe madafa sai dare. In ranar Laraba ce ko Asabar, ku tsaya kasuwar safe ta Cahors kusa da babban coci ku yi guzuri. Lissafin kuɗi bai canzawa: yuro guda kusan sefa 656, wato yuro 20 ya ɗan haura jika 13.

Ƙauyen ba masallaci, ku tafi da darduma da gorar ruwa, bakin kogi a Bouziès akwai fili da inuwa. Alƙibla a can gabas ce maso kudu, ba maso arewa kamar a Yamai ba. A Yuli agogonsu yana gaban namu da awa guda, rana kuma ba ta faɗuwa sai bayan 9 na dare, to kada ku yi lissafin magariba da sabon gida.

Ba'adare:
Ƙari guda: in kuna son kogon Pech Merle na Cabrerets, mai zanen dawakai na shekaru wajen 29,000, yana kusa, amma mutum 700 kawai ake bari a yini, sai an kama wuri ta intanet kwanaki kafin nan. Ciki da sanyi da matakala, kuma ziyarar a tsaye ake yin ta. Da Hajiya a tafiyar, ku bar shi, jirgin ruwa da ƙauyen sun cika yinin.