Dokokin taƙaita ciniki a lokacin yaƙi: sun taɓa kasuwar Kano?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum, malamai. Na san Ingila ta kafa dokar hana ciniki da abokan gaba a 1914, Amurka kuma ta yi tata a 1917. Shin irin waɗannan dokoki sun shafi manoma da 'yan kasuwar Kano, ko kuwa a can suka tsaya?

Malami daga Gwale:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sun shafe mu ƙwarai. Kafin 1914 kamfanonin Jamus, irin su G. L. Gaiser, suna cikin manyan masu sayen amfanin gona a Najeriya, amma da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke aka rufe kantunansu, daga baya aka yi gwanjon kadarorinsu. Wannan ya faru ne shekara uku kacal bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, lokacin da cinikin gyaɗa ya fara bunƙasa, kuma duk sanda masu saye suka ragu, manomi ne ke ji a jikinsa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya fi tsanani. Da Japan ta mamaye Malaya (wani yanki na Malesiya ta yau, inda Ingila ke samun kuza) a 1942, sai Ingila ta juyo gare mu neman kuza da man girki. A shekarar ce hukumar kula da amfanin gona ta Afirka ta Yamma ta karɓe fitar da gyaɗa, ita ke yanke farashi, sannan ta raba wa kamfanoni kason saye gwargwadon cinikin da kowanne ya yi kafin yaƙi, abin da ya toshe wa sabon ɗan kasuwa hanya. Manomi zai ɗora buhunsa a kan sikeli ba tare da damar yin tayi ba, domin an riga an yanke kuɗin tun daga Landan.

Hajiya daga Kurmi:
Malam, a ƙara da batun iyaka. Bayan faɗuwar Faransa a 1940, Nijar ta kasance ƙarƙashin gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa mai haɗa kai da Jamus, aka rufe iyaka, fataken da suka saba zirga-zirga tsakanin Kano da Damagaram suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, wasu suka koma fasa-ƙwauri. Gishiri da kananzir da atamfa kuwa sun yi ƙaranci matuƙa.

Alhaji daga Sabon Gari:
Ni dai ban ga laifin ƙasar da ke yaƙi ta hana kayanta isa hannun maƙiyi ba. Amurka ma ta hana sayar wa Japan man fetur a 1941. Abin da ke damuna shi ne, an gama yaƙi a 1945 amma ba a sakar wa manomi mara ba. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta Najeriya a kan wannan tsari, tana saye da araha tana tara rarar, a 1954 ta koma hannun gwamnatin Jihar Arewa, kuma ba a rushe hukumomin amfanin gona ba sai a 1986.